Girin kad a aljihu, fasfon Najeriya a hannu: yadda ake shirya biza kafin tafiyar jirgin ruwan shaƙatawa

A ƙarshen shekara, lokacin da 'yan'uwa mazauna Amurka da Ingila da Kanada ke saukowa Legas hutu, wata hira ta fara yawaita a gidajenmu na Agege da Idi-Araba da Obalende: a haɗa iyali a shiga ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, masu ɗakunan kwana da wuraren cin abinci, waɗanda ke tashi daga Mayami ko Barsalona ko Sauthamton su zaga ƙasashe huɗu ko biyar cikin mako guda. Shawara ce mai kyau, musamman ga iyaye da suka manyanta, domin ɗaki ɗaya za su zauna ƙasashen su riƙa zuwa suna samun su. Sai dai dukiya mai yawa na salwanta a bakin tasha saboda zato guda, wato cewa wanda ya samu katin zama na dindindin ya gama da wahalar biza.

Bai gama ba. Bakanon da ya shekara talatin a Agege yana da katin LASRRA mai nuna shi mazaunin Legas ne, amma ranar da aka nemi takardar asali, ta ƙaramar hukumarsu ta Kano zai kawo. Haka girin kad, wato katin zama na dindindin na Amurka, yake. Shaida ce ta inda kake zaune, ƙasar da ta ba ka shi ce ya ɗaure. Sauran ƙasashen duniya fasfonka suke kallo, kuma muddin ba ka karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba, fasfon nan kore na Najeriya shi ne kai. Wasu ƙasashe na yi wa mai girin kad sassauci, wasu ba ruwansu da shi. Aikinka ka san wace ce wace, tasha bayan tasha, kafin ka biya ko sisi.

Ka kuma riƙe wannan tun yanzu: Royal Caribbean da Carnival da MSC da Norwegian duk sun rubuta a sharuɗɗan tikitinsu cewa nauyin takardun tafiya yana wuyan fasinja. Wanda aka hana shiga saboda rashin biza ba a mayar masa da kuɗinsa.

Fara da jerin tashoshi, ba da hoton jirgi ba

Buɗe shafin tafiyar da kake sha'awa, ka kwafe jadawalin rana-rana a takarda. Gefen kowace tasha ka rubuta ƙasar da ke mulkinta, domin sunan tsibiri na yaudara. San Juwan na Puwato Riko da tsibirin Sen Tomas ƙasar Amurka ne, isa can shiga Amurka ne. Aruba da Kurasawo na ƙarƙashin masarautar Holan, Matinik da Gwadaluf na Faransa ne, amma babu ɗaya cikinsu da ke yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kowanne da nasa hukuncin. Tsibiran Kanari kuwa, duk da suna gaɓar Afirka, Sifaniya ce kuma Shengen ce.

Kada wani ya ce maka "ai ba sai na sauka ba, in zauna a ɗakina". Da jirgi ya jefa anga a tasha, hukumar shige da fice ta ƙasar na duba sunayen duk wanda ke ciki, mai sauka da mai kwance. Shi ya sa kamfani ke neman bizar kowace tasha tun ranar shiga. Ƙasashen da suka ɗauke wa fasinjojin jirgin ruwa biza sun ɗauke ne da dokarsu, ba don mutum ya yi alkawarin zama a ɗaki ba.

Sai ka jera matafiyan, kowa da takardarsa

Nan ne iyalanmu suka fi faɗawa rami, domin mutum ɗaya ke biyan kuɗi, sai ya auna kowa da kansa. A ce magidanci da uwargidansa na da girin kad, 'ya'yansu an haife su a Amurka suna da fasfon can, ga kuma Hajiya mahaifiyarsa da za ta taso daga Legas da bizar ziyara. Gida ɗaya ne, amma hukunci uku. Yaran za su shiga kusan ko'ina ba biza. Iyayen sai an duba tasha-tasha. Hajiya ce za a fi tsayawa a kanta.

A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya, sannan daga farkon 2026 aka ƙara tsaurara bayar da ita. Masu girin kad wannan bai shafe su ba. Amma Hajiya, idan ta sauka a filin jirgin sama na Mayami ta cinye shigarta guda. Jirgin ruwa ya fita da ita Bahamas ya dawo, tana bukatar shiga ta biyu. Saboda haka kafin a saka sunanta, a buɗe fasfonta a dubi bizar: harafin M alamar shiga da yawa ce, S ko lamba 1 shiga ɗaya. A kuma duba ranar ƙarewa ta wuce ranar dawowar jirgi. Idan shiga ɗaya ce, gara a nemo wa Hajiya wata tafiyar da a je a bar ta a bakin ruwa.

Mai girin kad na Amurka: ina aka sassauta, ina ba a sassauta ba

Yankin Karebiyan da Arewacin Amurka shi ne mafi sauƙi. Meziko ta ɗauke biza ga masu izinin zama na dindindin a Amurka da Kanada da Birtaniya da Japan da ƙasashen Shengen, don haka Kozumel ba matsala. Bahamas na karɓar mai girin kad da fasfonsa mai rai har kwana 30. Aruba da Kurasawo ma suna karɓar katin. Barbados kuwa ɗan Najeriya na shiga ba biza da fasfonsa kaɗai.

Za ka ji ana cewa tafiyar da ta tashi daga tashar Amurka ta dawo wannan tashar ba ta bukatar fasfo. Wannan sassauci ne na 'yan ƙasar Amurka, su ke iya shiga da takardar haihuwa da katin shaida. Gaskiya ne Amurka girin kad kawai take nema daga gare ka ranar dawowa, amma tsibiran da za a tsaya da kamfanin jirgi fasfo suke nema. Ka tafi da duka biyun, na asali, ba hoto a waya ba.

Tafiyar Alaska na da wani sirri da ya kamata a sani. Wata dokar Amurka ta 1886 ta hana jirgi mai tutar ƙasar waje ɗaukar fasinja tsakanin tashoshin Amurka ba tare da ya taɓa wata ƙasa ba, kuma kusan duk manyan jiragen nan a ƙasashen waje aka yi musu rajista. Shi ya sa jirgin da ya tashi daga Siyatil yake tsayawa a Biktoriya ta Kanada, wani lokaci na 'yan sa'o'i da dare. Mai girin kad ba ya bukatar bizar Kanada, kuma tun watan Afrilun 2022 aka ɗauke masa izinin intanet da ake cikewa a da. Hajiya mai bizar ziyara kuwa dole ta samu bizar Kanada saboda waɗannan 'yan sa'o'in.

Da ka juya zuwa Turai, a yawancin ƙasashe katin ya daina aiki. Tafiyar Bahar Rum sai da bizar Shengen. Tafiyar da ta taɓa Ingila ko Sikotlan sai da bizar Birtaniya. Wadda ta tsaya a Dablin ko Kok sai da bizar Ailan, domin Ailan ba ta cikin Shengen kuma ba Birtaniya ba ce. Tafiya guda mai zagaya tsibiran Birtaniya ta tsallaka Faransa na iya cin biza uku. Birazil da Ostireliya da Afirka ta Kudu ma girin kad ba ya buɗe su.

Masu zaman dindindin a Birtaniya da Kanada

Wanda ke da izinin zama marar iyaka a Birtaniya yana shiga jirgi a Sauthamton cikin sauƙi, amma kusan duk jirgin da ya bar can Faransa ko Sifaniya ko Fotugal ko Norwe ya nufa, duka Shengen. Tun da Birtaniya ta bar katin roba a ƙarshen 2024 ta koma bizar intanet, akwai abin da mutane ke mantawa: idan ka sabunta fasfo, sai ka shiga asusunka na hukumar shige da ficen Birtaniya ka saka lambar sabon, in ba haka ba na'urar kamfani ba za ta gane ka ba ranar komawa.

Mai katin Kanada kuma ya sani cewa katinsa ba ya shigar da shi Amurka. Tashi daga Mayami ko zuwa Alaska daga Bankuba duk sai da bizar Amurka mai shiga da yawa. Katin nasa shekara biyar yake yi, kuma da shi ake komawa Kanada a jirgin sama ko na ruwa na haya. Idan ya mutu kana waje sai ka nemi takardar komawa ta musamman kafin a ɗauke ka.

Duba ran takardunka

Fasfo tukuna. Yawancin kamfanoni na son ya rage masa aƙalla wata shida bayan ranar da tafiya za ta ƙare, ba ranar da za ta fara ba. Bizar Shengen na son shafi biyu da ba a taɓa ba. Idan kana Legas kuma fasfon ya kusa, ka sabunta shi kafin neman kowace biza. Akwai ofisoshin fasfo a Ikoyi da Alausa da Festak. Tun 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000. Ga mai yawan tafiya na biyun ya fi, domin biza uku da tambura na cinye ƙaramin da wuri. Abin da ya fi jinkirta mutane shi ne saɓani tsakanin bayanan NIN da na fasfo, don haka ka fara gyara wannan.

Maganar suna ta fi shafar mu fiye da kowa. Mutum ɗaya Muhammad ne a fasfo, Mohammed a girin kad, Moh'd a katin banki. Mace kuma sunan mahaifi a wata takarda, na miji a wata. A tikitin jirgi ka rubuta sunan harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo, kuma idan ya saɓa da na katin zama, a tafi da takardar aure ko ta canjin suna.

Shi girin kad shekara goma yake yi, na sharaɗi kuma da ake ba sababbin ma'aurata shekara biyu. Idan naka mai shekara goma ya ƙare ka cike fom I-90, takardar shaidar karɓa da za a aiko maka tana ƙara masa wata 36, tsarin da ya fara a Satumban 2024. Amurka ta yarda da wannan takarda. Jami'in wani tsibiri ba lallai ya san ta ba, saboda haka ka aika wa kamfanin jirgi hotonta ka nemi amsa a rubuce.

Ina son in tsaya a kan 'yan'uwanmu da ke riƙe da girin kad amma kasuwancinsu na Legas, a Apapa ko Mile 12, suna leƙa Amurka sau ɗaya a shekara. Wanda ya wuce wata shida a waje yana iya fuskantar tambayoyi masu nauyi a bakin iyaka. Wanda ya wuce shekara guda, katin kaɗai ba ya mayar da shi, sai da izinin sake shiga da ake nema da fom I-131, kuma tun mutum yana cikin Amurka ake nemansa. Wasu na tsammanin zuwa Mayami a shiga jirgin ruwa na mako ɗaya ya sabunta zamansu. Jami'i inda rayuwarka take yake dubawa: gida, aiki, haraji. Tafiyar ruwa ma sau biyu za ta tsayar da kai gabansu, a filin jirgin sama da kuma ranar saukowa daga teku. Wanda ya san ya daɗe a waje ya ga lauyan shige da fice kafin ya sayi tikiti. Izinin Birtaniya marar iyaka shi ma yana faɗuwa idan an yi shekara biyu a jere a waje, Kanada kuma kwana 730 take so a cikin kowace shekara biyar.

Neman bizar Shengen, inda aka fi yin ɓata

Ƙasashe 29 ne a yankin, har da Kuroshiya da ta shiga a 2023. Abu na farko, a ƙasar da kake zaune ake nema. Mai girin kad da ya zo Legas hutun wata guda ya ce bari ya shigar da takardunsa a nan, galibi za a ce ya koma can inda yake zaune. Hajiya ce za ta nema a Legas, ta cibiyar da ofishin jakadancin ƙasar ya wakilta, VFS Global ko TLScontact ko BLS, gwargwadon ƙasar. Ke nan iyali ɗaya za su nema a nahiyoyi biyu, sai a tabbatar jadawali da ranakun da kowa ya rubuta iri ɗaya ne.

Abu na biyu, wace ƙasa za a nema wa? Wadda za ka fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun yi daidai, wadda za ka fara shiga. Wanda zai kwana biyu a otal a Barsalona kafin jirgi ya tashi, sannan ya yi wuni ɗaya-ɗaya a Marsai ta Faransa da Jenowa ta Italiya, Sifaniya zai nema.

Abu na uku shi ne mafi tsada idan aka kuskure: yawan shiga. Jiragen yammacin Bahar Rum da yawa na tsallakawa Tunis su dawo, na Girka kuma na leƙa Kushadasi ta Turkiyya kafin su koma tsibiran Girka. Da jirgi ya taɓa tashar da ba ta Shengen ba, ka fita daga yankin, biza mai shiga ɗaya ta mutu nan take. A fom ka zaɓi shiga da yawa, ka haɗa da jadawalin jirgi, ka ja layi ƙarƙashin tashar da ke waje, ka kuma bayyana dalili a wasiƙarka. Ranar da aka dawo maka da fasfo kada ka bar wurin sai ka karanta abin da aka buga, domin ba kullum ake ba mutum abin da ya roƙa ba. Ita tashar da ke wajen Shengen ma a binciki nata hukuncin daban.

Kuɗin bizar yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ban da na cibiya. Ana bukatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, takardar kama ɗaki daga kamfanin jirgi, tikitin jirgin sama, bayanan banki da shaidar aiki ko kasuwanci. Ana iya shigarwa tun wata shida kafin tafiya. Hukunci kan fito cikin kwana 15, yana iya kaiwa 45, amma samun ranar ganawa a Legas lokacin bazarar Turai shi ne babban jira. Tun ran gini ran zane: da ka kama ɗaki ka nemi rana. Idan biza biyu ko uku ne, ka tuna fasfo ɗaya gare ka, ofis ɗaya zai riƙe shi a lokaci guda, sai ka jera su bi da bi ka fara da mafi jinkiri.

Wannan ya sa nake ganin hikima ce a kama ɗaki da kuɗin ajiya mai dawowa, ko da ya ɗan fi tsada. Kamfanoni kan nemi cikon kuɗi wata biyu zuwa huɗu kafin tashi, kuma daga nan tarar fasa tafiya ke hauhawa. Ka yi ƙoƙari bizar da ta fi wuya ta fito kafin wannan rana.

Ejan na iya taimaka maka da cike fom, amma kada ka yarda a ƙera maka bayanan banki ko takardar aiki. Birtaniya na hana mai takardar jabu shiga har shekara goma, Amurka kuma har abada. Sa hannunka ne a ƙasan fom, ba nasa ba.

Hanyar zuwa tasha da katin shawara

Manyan jiragen nan ba daga Apapa suke tashi ba, dole a hau jirgin sama a same su. Najeriya na cikin ƙasashen da ake neman bizar wucewa daga 'yan ƙasarsu ko da canjin jirgi kawai za su yi a Faris ko Firankifot. Mai girin kad da mai katin Kanada an ɗauke musu, haka mai bizar Amurka mai rai, muddin ba su fita daga zauren jiran ƙasa da ƙasa ba. Tikitin da ya tsaya a filayen Shengen biyu kuwa cikakkiyar biza yake ci. Mai son kauce wa duk wannan akwai Delta daga Legas kai tsaye zuwa Atlanta, da United zuwa Washinton. Ka isa garin tasha kwana ɗaya kafin tashi, jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara.

Duk wanda ya taso daga Najeriya, har mai girin kad da ya zo hutu, ya ɗauki katin rigakafin zazzaɓin shawara, irin wanda alhazai suka sani. Bahamas da Afirka ta Kudu na cikin masu nemansa. Ana yin sa a ofishin lafiya na tashoshi, akwai a filin jirgin saman Murtala Muhammed. Yana fara aiki kwana goma bayan allura, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai.

Yaron da zai tafi da uwa ita kaɗai ko da kaka, a haɗa shi da takardar amincewar mahaifin da bai zo ba, mai hatimin lauya. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 kafin tafiya ta ƙare, haka jaririn da bai kai wata shida ba.

Ranar shiga da ranakun sauka

A tasha za a karɓi manyan akwatuna tun daga ƙofa, ba za ka sake ganinsu ba sai yamma a ɗakinka. Fasfo da katin zama da katin shawara da amsar da kamfani ya rubuto maka su kasance a jakar hannu. Idan fasfonka sabo ne kuma bizar na cikin tsohon, ka riƙe duka biyun. A wasu tafiye-tafiyen ma'aikata kan karɓi fasfon fasinja su ajiye don jami'an tashoshi, su ba da rasit. Wannan al'ada ce, amma girin kad ɗinka ya zauna a wurinka.

Duk tashar da ka sauka, ka bi agogon jirgi, ba na wayarka ba, domin waya na canza lokaci da kanta. Ka ɗauki takardar labaran rana da ake sakawa a ɗaki, a cikinta akwai lambar wakilin kamfani na wannan tasha. Idan jirgi ya tafi ya bar ka, ko rashin lafiya ta sa aka sauke ka, shi za ka fara kira, kuma daga lokacin sassaucin fasinjan ruwa ya ƙare, ka zama baƙo mai bukatar cikakken izinin ƙasar da tikitin jirgin sama. Wanda girin kad ɗinsa ya ɓace a hanya zai cike fom I-131A, ya biya kuɗi ta intanet, ya je ofishin jakadancin Amurka mafi kusa a buga masa izinin hawa jirgi a fasfo. Idan a Legas abin ya faru, ƙaramin ofishin jakadancinsu na titin Walter Carrington ne a tsibirin Biktoriya. Hoton katin gaba da baya da ka ajiye a imel ɗinka zai sauƙaƙa maka wannan aikin sosai.